Lamba Shida a Tabarmar Makoki

Shekara ashirin da bakwai ina sanar da mutuwa a Agege, kuma ban taɓa kashe mai rai da bakina ba. Sunana Isma'ila. Ba ni da gida, haya nake yi a bayan kasuwa. Ba ni da mota, ko okada ban taɓa mallaka ba, teburin goro ne kawai da benci ɗaya. Amma in na ce wane ya rasu, to ya rasu, a nemo likkafani. Dalili kuwa ba na faɗa sai na je na yaye mayafi na ga fuska da idona. An sha zagina a kan haka, wai ina ɓata wa mutane lokaci ga rana tana yi. Ku zaga. Maganata ita ce dukiyata, ban da ita ba ni da komai.

A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne aikin soja ya kawo shi. Da ƙafa na fara aikin nan, gida gida, ina yi wa namu da Hausa ina yi wa maƙwabta da Yarbanci. Da 'yan ci-rani suka yi yawa sai aikin ya ƙaru. Duk wanda ya sauko daga tirela, mai tura ruwa ne ko mai gadi ko mai wankin takalmi, kafin ya nemi wurin kwana sai an kawo shi teburina. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ba ni lambar wani nasa na gida, ya ce ko da ta Allah za ta kasance. Ba mutuwar suke tsoro ba. Abin da suke tsoro shi ne su faɗi a bakin titi a kwashe su a matsayin wanda ba shi da kowa, uwa tana can tana jiran Sallah ya dawo.

'Yata Rahma ce ta shigo da ni harkar Wasaf. Tana aure a Mushin, tana aiki a wani shagon kayan waya a Ikeja, ta san kan abin nan kamar ita ta ƙera shi. Ta tattara lambobin iyaye da 'yan'uwan 'yan ci-ranin nan ta zuba su a guruf ɗaya, ta sa masa suna 'Yan Gida, ta liƙa hotona da farar hula. In an yi rasuwa sai in danna in yi magana, muryata ta isa Katsina da Damagaram kafin in sauke hannu. Wallahi na ji daɗin abin. Ta ce akwai wani kulle na sirri da ya kamata mu sa, wasu lambobi da zan riƙe a kaina. Na ce a bari sai wani zuwan. Ta ce to ko ma mene ne, in saƙo ya shigo da lamba shida, kada in karanta wa kowa, ko da ita ce ta kira. Na yi dariya na ce wa zai saci wayar mai sanar da mutuwa, ya yi me da ita, ya gaji gawa? Haka na ce, da wannan bakin nawa.

Ranar addu'ar uku ta Alhaji Mamman mai shanu abin ya faru, da hantsi, muna zaune a kan tabarmi ƙarƙashin rumfa. Wayata ta yi ƙara. Wanda ya kira Bahaushe ne tas, muryar mutum mai ladabi. Ya ce sunansa Jamaluddeen, daga wata ƙungiyar zumunci ta can cikin gari. Ya yi mini ta'aziyya cikakkiya, ya tambayi haƙuri, ya tambayi iyalan mamaci, ya yi addu'a mai tsawo ina amin amin. Sannan ya ce sun shirya wa marigayi saukar Alƙur'ani ta waya, ana raba wa mutane izu, an turo mini lambar rabona, in karanta masa ya rubuta sunana a layi.

Na duba, ga saƙo kuwa. Ba zan yi ƙarya in ce ban iya Turanci ba, a Legas na yi firamare. Na ga inda aka rubuta kada a ba kowa. Har na ce a raina, izu sittin ne, ina aka samo lamba shida? Maganar Rahma ma ta faɗo mini. Amma ku gaya mini, a kan tabarmar makoki, mutum ya gama yi maka ta'aziyya, yana neman yi wa mamaci sauka, ga 'ya'yan mamacin a gefenka suna jin komai, da wane baki za ka ce masa ban yarda da kai ba? Kunya ta kama ni. Na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi kamar yadda na saba magana, har na maimaita don kada ya yi kuskure. Ya ce Allah ya saka da alheri. Na ce amin.

Da yamma na buɗe Wasaf na ga ya koma kamar sabo, yana tambayata lambar waya. Na ce sabis ne, kullum da sabon iskancin da yake zuwa da shi. Kira na shiga, kira na fita, to me ya dame ni? Na mayar aljihu na ce in Rahma ta zo ranar Juma'a ta duba.

Akwai wani Abdou, mutumin Nijar, daga wani ƙauye can bayan Tasawa. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, shekara goma sha ɗaya yana zuwa Legas yana komawa, yana tura ruwa a kura, in an samu aikin gini ya je. Lambar ƙanensa Sa'idu ce a wurina, ta nan nake gaisawa da mahaifiyarsu Inna Kalsum. Tsohuwa ce mai yanar ido, ba ta gani sosai, ga ciwon suga. Duk Sallah sai ta sa an ɗauki muryarta an turo mini, tana cewa ga amanar ɗanta nan a hannuna.

A ranar da na karanta lambobin nan, a ranar aka zare wa Abdou waya a cikin motar haya ta danfo. Shi kuwa mai hankali, sai ya ari ta abokin aikinsa ya turo mini saƙon murya ta Wasaf. Ya faɗi sunansa da na ƙauyensu, ya ce salularsa ta ɓata, zai yi kwanaki a wani gini a Ikeja, in gaya wa Sa'idu da Inna Kalsum kada hankalinsu ya tashi in sun kira ba su same shi ba. Saƙon bai zo mini ba. Hannun ɓarayin ya faɗa, ga suna, ga sunan uwa, ga tabbacin cewa ba mai iya samunsa. Ko su suka roƙa ba za su samu wanda ya fi wannan ba.

Suka shiga guruf ɗin 'Yan Gida da lambata da hotona. Suka fitar da Rahma tukuna. Sannan wani ya yi magana yana shessheƙa, wai shi ɗana ne, wai Baba yana wurin gawa muryarsa ta dishe. Ni da ba ni da ɗa namiji ko ɗaya! Ya ce tirela ta take Abdou, Baba ya je ya ga fuskarsa da idonsa. Ya ce a Legas kabari sayensa ake yi, a taimaka da abin da ya sawwaƙa kafin azahar. Sa'idu ya kira wayar Abdou, a kashe. Ya kira ni ta Wasaf, don kiran layi daga can tsada gare shi, wannan ɗan nawa na ƙarya ya ɗauka yana kuka. Sun tura abin da suka tura, wasu ma a guruf sun taimaka. Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Aka yi wa Abdou sallar gawa a ƙauyensu ba gawa, matarsa ta shiga takaba, aka shimfiɗa tabarmi.

Ni ina nan ina yayyafa wa goro ruwa. Sai a kwana na biyu bayan la'asar wani dattijo daga wajen Daura, wanda ƙanensa ke gadi a nan, ya kira layina ya ce Allah ya jiƙan yaron nan na Nijar, ya kuma yaba mini da ɗawainiya. Na ce wane yaro? Ya ce Abdou mana, wanda ka sanar. Na ce ni? Na bar teburin a buɗe na kira Rahma na ce ta same ni a Ikeja, na bi masu tura ruwa ina tambaya har aka kwatanta mini ginin.

Na same shi a zaune kan bulo yana cin burodi da wake, siminti har gira. Ya taso da murna yana tambaya ko na isar da saƙonsa. Na kama hannunsa na riƙe. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, leburori suna kallona.

Rahma ta karɓi wayata ta yi ta dannawa. Sabuwar lamba shida ta shigo, ta sa, sai aka nemi wata lambar sirri. Ta ce kullen nan da ta ce mu sa, su sun sa nasu. Sai mun jira kwana bakwai kafin a sake mana ƙofa. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi, in samu wanda zan yi wa faɗa.

Muka kira Sa'idu da wayarta. Da ya ji muryar wansa sai ya yi salati ya kashe. Muka sake kira. Ya yi masa tambayoyi, sunan jakinsu na da, wace ƙafa ce ke da tabon lauje, sannan ya fashe da kuka. Muna jin ihun mata a bayansa, aka ce matar Abdou ta faɗi an yayyafa mata ruwa. Na ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Sai Sa'idu ya ce saura Inna. Tun da labarin ya zo ta juya fuska bango, ba ta ci komai ba, ko maganinta ta ƙi sha.

Aka kai mata wayar a kunne. Abdou ya ce Inna ni ne, ban mutu ba, ɓarayi ne suka shiga wayar Baba Isma'ila suka yi magana da sunansa. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce muryar ta yi kama, Allah ya yi wa mai ita albarka. Ta ce ta san Sa'idu yaro ne mai tausayi, so yake ta ci abinci, shi ya sa ya nemo wanda zai yi mata wannan. In kuma ba haka ba ne, to tunda an ce akwai masu shiga waya su yi magana da sunan wani, ta ina za ta san ba su ne waɗannan ba? Tsohuwa ce amma kanta ɗaya ne.

Na karɓi wayar na yi sallama, na ce Inna, Isma'ila ne na Agege.

Ta ce, "Malam Isma'ila ba ya faɗa sai ya gani. Shekara goma sha ɗaya ina jin sanarwarsa, bai taɓa dawowa ya ce ya yi kuskure ba."

Na ce, "Wallahi ni ne, Inna. Ban ga gawa ba, ban faɗa ba. Ga ɗanki a gabana ina riƙe da hannunsa."

Ta ce, "In kai ne, ka kira da lambarka mai farar hula. Jikata za ta duba ta gaya mini, ita ba ta iya ƙarya ba tukuna."

Na ce ba zan iya ba sai bayan kwana bakwai. Ta ce to, Allah ya kai mu. Aka ji ta ture wayar.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Da ni maƙaryaci ne, da mai gaggawa ne irin masu sanar da mutuwar mutum yana asibiti yana shan kunu, da tuni tsohuwar nan ta tashi ta ci tuwo. Rahma ta ce a gwada kiran bidiyo. Sa'idu ya ce sabis ɗin da zai ɗauki hoto sai an hau tudun makaranta, Inna ba ta iya tashi, in ma an kai ta me za ta gani da wannan idon? Ba abin da ya rage sai Abdou ya je ta shafa fuskarsa da hannunta.

Washegari da safe na raka shi inda tirelolin shanu ke juyawa arewa ba kaya. Bai ce mini komai ba na zargi. Ya ce in yi masa addu'a, ya haye baya ya zauna a kan buhu. Ba waya a hannunsa, don haka daga lokacin da motar ta sha kwana ban sake sanin inda yake ba.

Na koma aikin ƙafa kamar da. Na bi masallatai da majalisu da wuraren masu tura ruwa ina cewa duk saƙon da ya zo da lambata ba ni ba ne, ku kira gida ku gaya musu. Wasu suka jajanta. Wasu suka riƙa kallon ƙasa, na san me suke tunani, iyayensu ne a cikin guruf ɗin nan tare da ɓarayi, ni kuma na kai su. 'Yan bakin kasuwa kuwa sun samu abin yi. In na wuce sai wani ya ce Baba, yau wa ka kashe? Da can da na tsaya na wanke shi tas da Hausa da Yarbanci. Yanzu sai in wuce kamar ban ji ba. A satin aka yi rasuwa a layinmu, wata tsohuwa mai koko. Na je na ga fuska, na fito na faɗa a ƙofar masallaci, sai na ga liman ya tura ladan ya je ya dubo. A gabana, ba ko sakayawa.

Kullum da yamma Rahma takan biyo daga aiki mu kira Sa'idu. Ranar farko ya ce Inna ta sha ruwa. Rana ta biyu ya ce sun kawo malamin asibiti ya sa mata ƙarin ruwa, ta cire. Ya ce ta kira ɗan Abdou na fari ta damƙa masa fartanyar ubansa. Na ce a sa mini ita, ta ƙi karɓa. Na ce Abdou fa, ya iso? Ya ce shiru. Daga baya muka ji tirelar ta lalace a hanya sun kwana biyu a daji, a kan iyaka kuma aka tsare shi don katin shaidarsa yana cikin jakar wayar da aka zare. Daga rana ta huɗu layin Sa'idu ya daina shiga gaba ɗaya. Rahma ta ce ƙila caji ne, ƙauyen sai ranar kasuwa ake samun mai janareta. Na ce ƙila.

Ranar da kwana bakwai suka cika Rahma ba ta je aiki ba. Tun da hantsi tana bencina da wayata a hannu. Lamba shida ta shigo, ta sa, abin ya buɗe. Nan take ta ɗaura kullen, ta sa ni na maimaita lambar sirrin har sau biyar. Na leƙa guruf ɗin 'Yan Gida. Mutum ɗari biyu da wani abu ne a ciki da can, yanzu ba su kai talatin ba, su ma ina jin waɗanda ba su san yadda ake fita ba ne. Hotona yana nan da farar hula yana murmushi.

Ban tsaya komai ba na ce ta kira mini Sa'idu ta nan. Ya shiga. Ina shirya abin da zan ce, a kira jikar nan ta duba hoto, a kai wa Inna. Aka ɗauka, sai na ji muryar Abdou. Na ce alhamdu lillahi ka isa, maza kai mata, ga ni da lambata. A bayansa ina jin mutane suna sallama ana amsawa ƙasa ƙasa, ana cewa ya haƙuri. Na san wannan sautin fiye da kowa a Agege.

Ya ce shekaranjiya da safe ta cika, shi kuma ya iso bayan la'asar, ya tarar an dawo daga maƙabarta. Tabarmin da aka shimfiɗa don shi ba a ma naɗe su ba, a kansu yake zaune yanzu. Ya ce har ta rasu tana yi mini addu'a, wai na rufa wa ɗanta asiri a baƙon wuri.

Na buɗe baki in yi masa ta'aziyya, abin da na yi wa dubban mutane, kalma ɗaya ta ƙi fita. Na ce Abdou ka yafe mini. Ya ce ba komai, kwananta ne ya ƙare. Sannan ya ce yana da roƙo ɗaya.

"Baba, ka goge lambar gidanmu. In na dawo Legas ta Allah ta kasance, ka bar ni inda na faɗi. Kada ka gaya wa kowa."

Na ce to. Ya yi sallama ya kashe. Na daɗe ina kallon sunan Sa'idu a fuskar wayar. Ban ma san yadda ake gogewa ba, sai na miƙa wa Rahma.